Tambayi Bakanike: Babur Na Hannu Da Ya Ƙi Miƙewa A Hanya

Wasiƙun da suka zo mana a wannan karon kusan duk kuka ɗaya suke yi. Mutum ya sayi babur na hannu, inji lafiya lau, amma tuƙi ya ƙi daɗi. Mun zaɓi guda biyar, kuma mun fi daɗewa a kan ta farko domin amsarta ta shafi sauran.

Tambaya: Assalamu alaikum. Mako biyu ke nan da na sayi Boxer 100 na hannu. Injin bugu ɗaya yake tashi. Amma idan na kai gudun 50 zuwa 60 na sassauta totur, sai kan ya kama rawa, in na saki hannu ɗaya abin ya ƙaru. A kwana kuma sai in ji yana gardama, can kuma ya faɗa lokaci guda. Wani bakanike ya ƙara ɗaure min wuyan, rawar ta ragu, sai dai yanzu babur ɗin yawo yake a hanya, ba ya tsayawa a layi ɗaya. Wasu sun ce shasi ne ya karkace. In sayar ne, ko yana gyaruwa? Daga wani mai karatu a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka yi saurin sayarwa. Shasi shi ne abu na ƙarshe da ake zargi, ba na farko ba, kuma alamomin da ka lissafa sun fi kama da aikin taya da boris ɗin wuya. Ɗaurin da aka ƙara maka kuwa gyaran gangar Abzinawa ne. An danne rawar, ba a kashe ta ba, an kuma jawo wata cutar. Babur yana tsayawa a miƙe ne saboda kansa yana 'yan gyare-gyare hagu da dama da kansa, ƙanana ƙwarai, waɗanda mai tuƙi ba ya ma lura da su. Da ka matse wuyan, ka hana shi wannan motsin, sai ya rinƙa zarcewa gefe ɗaya kafin ya dawo ya zarce ɗayan. Yawon da kake ji ke nan.

Daga ƙasa ake farawa a yi sama, kuma abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, a hau a gwada. Wanda ya canza abu huɗu rana ɗaya ba zai taɓa sanin wanne ne mai laifin ba.

Fara da iska. Da safe, kafin tayar ta yi zafi, a auna da geji, ba da ɗan yatsa ko bugun sifana ba. Irin wannan babur yana son psi (awon iska da geji ke nunawa) 25 a gaba, 28 a baya idan kai kaɗai ne, 32 idan da goyo. In akwai takardar da kamfani ya manna a murfin sarƙa ko a hannun da ke riƙe ƙafar baya, abin da ta ce shi za ka bi. Masu faci da yawa suna dura iska har 40 ko 45 don wai kada rim ya ci tub. Tayar gaba da aka cika haka tana taɓa ƙasa da wuri ɗan ƙarami, tana tsalle a kan kowace tsakuwa. Wadda ta yi ƙasa da 18 kuma tana sa kai ya yi nauyi a kwana. Gejin aljihu ba shi da tsada, ka mallaki naka.

Sai ka shafa tafin hannunka a kan tayar gaba, ka bi zanenta gaba da baya. In ka ji hawa da sauka kamar haƙoran zarto, ko lotsawa nan da can, wannan tayar ita kaɗai ta isa ta kawo rawar da kake ji a gudun 50 zuwa 60. Ta bayan kuma ka tsuguna ka dube ta daga baya. Tayar da ta daɗe tana ɗaukar kaya a miƙaƙƙiyar hanya takan cinye a tsakiya ta zama shafal, gefunanta su yi kaifi. Idan ka zo kwana dole babur ya hau wannan kaifin kafin ya kwanta, shi ne gardamar, da ya haye kuma sai ya faɗa lokaci guda. Babu gyaran da ake yi wa irin wannan taya sai canji.

Duba shekarunta ma. A gefen yawancin tayoyi akwai lamba huɗu a cikin ɗan zagaye mai tsawo. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Taya da ta haura shekara biyar a zafin ranarmu ta bushe ko da zanenta bai cinye ba, za ka ga 'yan tsage-tsage a gindin zanen. Girman da Boxer 100 ke zuwa da shi shi ne 2.75-17 a gaba da 3.00-17 a baya. Masu sayarwa kan saka duk wadda ta samu, har tayar baya a gaba don ta fi kauri a ido. Wannan yana sa kai nauyi.

Yanzu ɗora babur a kan dogon sitan, wani ya danna baya har ƙafar gaba ta bar ƙasa. Juya ta. Akwai siririn layi da aka zana a jikin taya kusa da bakin rim. Tazararsa da rim ta zama ɗaya duk zagayen, ta ɓangarorin biyu. In ya nutse a wani wuri, tayar ba ta zauna ba: a sace iskar, a shafa ruwan sabulu a bakin, a sake hurawa har ta zauna, sannan a dawo da iskar daidai. Ban da mai ko giris, suna cin roba. Riƙe alli a jikin fok, wato sandunan nan biyu da ke riƙe ƙafar gaba, bakinsa dab da gefen rim, ka sake juyawa. Inda allin ya taɓa nan ne rim ya kauce. Kaucewar da ta wuce milimita 2, gefe ko sama da ƙasa, ta yi yawa. Bi sifok, wato siraran wayoyin da ke haɗa rim da tsakiyar ƙafa, ɗaya bayan ɗaya kana ƙwanƙwasawa da ƙaramin sifana. Mai ɗauri yana ƙara tas, sakakke yana amsawa a dushe. Saitin sifok aikin mai haƙuri ne, kwata-kwatan juyi ake yi, ana sassauta wannan gefen ana ɗaure wancan. Kai wa wanda sana'arsa ke nan.

Kafin ka sauke ƙafar, kama ta sama da ƙasa ka girgiza gefe da gefe. Ko ɗan ƙas bai kamata ka ji ba. In ka ji, boris ɗin wili ne. Lambarsa tana rubuce a gefensa, 6301 ce aka fi gani a gaban irin waɗannan babura, amma ka karanta ta jikin naka. A canza biyun tare, kuma kada a manta da ɗan bututun da ke tsakaninsu. In aka bar shi a ƙasa, ɗaurin noti zai matse sabbin boris ɗin su mutu cikin kwanaki.

Ga inda muke zaton gizo ke saƙar: wuyan. Ƙafar gaba tana sama, ka tura kan a hankali da yatsa ɗaya daga ƙarshen hagu zuwa ƙarshen dama. Lafiyayyen wuya yana tafiya sumul, da ya wuce tsakiya sai ya faɗa gefe da nauyinsa. In ka ji ya ɗan maƙale a tsakiya kamar ya faɗa rami, ƙwallayen sun riga sun haƙa gurabe a cikin kwanonsu. Wannan ba ya jin ɗauri, ba ya jin sassauci, ba ya jin giris. Sai an canza saiti gaba ɗaya: kwano biyu, mazauni biyu, da ƙwallaye. Kada a yarda a zuba sabbin ƙwallaye a tsohon kwano. Gwaji na biyu, tsuguna a gaba ka kama ƙasan fok biyun ka ja ka tura. Ko kuma ka sauke babur ƙasa, ka matse birkin gaba kana tura shi gaba da baya, yatsanka a daidai inda wuyan shasi ya haɗu da murfin boris na sama. In akwai sako-sako yatsan zai ji. Yatsan yana da muhimmanci, domin farantin birki da cikin fok su ma suna ƙas-ƙas su ruɗe mutum.

Wajen canzawa, a ƙirga ƙwallayen sama da na ƙasa tun ana cirewa, kada su zube a ƙasa a koma cika da ka. A fitar da tsohon kwano da bugu kaɗan-kaɗan daga gefe zuwa kishiyarsa, a shigar da sabon a miƙe har ƙarar bugun ta canza, alamar ya kai gindi. Giris mai kauri shi zai riƙe ƙwallayen a wurinsu. Ɗaurin yana da noti biyu: mai tsaga-tsaga na ƙarƙashin farantin sama da ke riƙe fok shi ne na saiti, babban na sama shi ne na kullewa. A ɗaure mai tsagar har ya kama sosai, a juya kan sau biyar ko shida don ƙwallayen su zauna, a sassauta, sannan a sake ɗaurewa a hankali daidai inda sako-sakon ya ɓace. Abin da ke kayar da bakanikai da yawa shi ne, idan aka ɗaure babban notin sama yana ƙara matse na ƙasan. Don haka bayan an kulle komai sai an maimaita gwajin yatsa ɗayan nan. In ya yi tauri, a kwance a rage kamar kashi ɗaya cikin takwas na juyi. Bayan tafiyar kilomita 300 zuwa 500 ka koma a sake dubawa, sabon boris yakan ƙara zama.

Wani abu da ake mantawa: wayar kuloci, ta totur da ta birki. In an canza su da gajeru, ko an bi da su ta bayan fok maimakon hanyarsu, suna jan kan gefe. Kunna babur ka juya kan ƙarshe zuwa ƙarshe. In ƙarar inji ta ƙaru a gefe ɗaya, wayar totur ce ke ja.

In ka yi waɗannan duka rawar tana nan, karanta amsoshin da ke biye. Rawar kai ko a mutum ba a sonta, balle a babur, saboda haka kafin a gama gyaran ka riƙe da hannu biyu, kada ka wuce gudun 40, kuma ban da goyo.

Tambaya: Babur ɗina TVS ne na hannu. Idan ina tafiya a miƙe, hannun dama ya fi kusa da ni fiye da na hagu, kuma in na sassauta riƙo sai ya ja hagu. Mai shi na da ya rantse bai taɓa faɗuwa ba. Daga wani ɗan kasuwa a Azare.

Amsa: Alhaji, babur ba ya rantsuwa amma yana ba da shaida. Duba ƙarshen robar hannu, bakin lebar birki da ta kuloci, matakin ƙafa da gefen salansa. Inda aka goge a kwalta ba ya ɓuya.

Abu uku ne ke kawo karkataccen hannu, kuma biyu daga ciki masu sauƙi ne. Na farko ƙarfen hannun kansa ya lanƙwashe. Auna da zare daga tsakiyar babban notin wuya zuwa ƙarshen kowane hannu, ka kuma auna tsayin kowanne daga ƙasa babur yana tsaye daidai. In sun bambanta, a sayi sabo. Ƙarfen hannu da aka miƙar da bututu yakan karye a gindin mariƙinsa ba tare da sallama ba.

Na biyu, fok ɗin ya murɗe a cikin mariƙansa. Faɗuwa kaɗan ma tana yin haka: farantin sama ya kalli wani wuri, na ƙasa ya kalli wani. A sassauta notin shaf ɗin ƙafar gaba, da kusoshin madgad, da kusoshin da ke matse fok a farantin ƙasa. Sassautawa kawai, ba cirewa ba. Ka sa ƙafar gaba tsakanin gwiwoyinka ka juya hannun har ya daidaita, sannan ka matse birki ka danna fok ɗin ƙasa da ƙarfi sau biyar zuwa shida don komai ya koma mazauninsa. Ɗauri daga sama ake farawa a gangaro, notin shaf da madgad su ne na ƙarshe.

In ya ƙi daidaita, ko ya daidaita ya sake komawa, to sandar fok ce ta lanƙwashe ko farantin ƙasa. A cire sandunan a gangara kowacce a kan gilashi mai kauri. Miƙaƙƙiya tana birgima shiru, lanƙwasasshiya tana ɗingishi, kana hango haske a ƙarƙashinta. Lanƙwasa 'yar kaɗan mai injin matsa zai iya miƙar da ita. Wadda ta yi ƙunci a daidai bakin farantin ƙasa, ko wadda aka taɓa sa wa wuta, ta gama aiki.

Jan da yake yi hagu kuwa, mu a Najeriya da Nijar dama muke bi, hanya kuma ana gina ta da ɗan gangare zuwa gefen don ruwa ya sauka. Lafiyayyen babur in zai ja, dama zai ɗan ja. Naka da ke hawa gangaren zuwa hagu lallai akwai dalili, kuma sau da yawa dalilin a baya yake. Masu ɗaure sarƙa kan ja notin gefen sarƙar su bar ɗayan, ƙafar baya ta karkace. Kada ka raina wannan: bambancin milimita 1 tsakanin gefen biyu yana zama wajen milimita 6 idan aka kai ga ƙafar gaba. Alamomin da aka zana a wurin saitin sarƙar ba abin dogaro ba ne a tsohon babur, domin faranta sun sha guduma.

Zare ya fi su gaskiya. Samu zare mai ƙarfi kamar mita 5. Wani ya riƙe babur a tsaye a shimfiɗaɗɗen daɓe. Zagaya tsakiyar zaren ta bayan tayar baya, a tsayin da bai fi taƙi ɗaya daga ƙasa ba don kada ya taɓa sitan ko salansa. Ja bakunan biyu gaba har su wuce tayar gaba, ka ɗaura kowanne a jikin bulo. Matsa bulon a hankali har zaren ya taɓa gefen gaba na tayar baya, taɓawa kawai ba tare da ya lanƙwasa ba. Miƙar da kan. Tunda tayar gaba ta fi siranta, za a sami 'yar tazara tsakaninta da zaren ta kowane gefe. In 2.75 ce da 3.00, tazarar kamar milimita 3 ce hagu, 3 dama. In ka ga 6 a gefe ɗaya, ɗayan kuma zaren ya manne, a sassauta notin shaf na baya a gyara da notocin saiti har su yi daidai. Sarƙar a bar mata wasa na milimita 25 zuwa 30 a tsakiya, a wurin da ta fi tauri in an juya ƙafar.

Idan an yi duk wannan zaren ya ƙi daidaita, ko kuma ka tsaya daga baya nesa kaɗan ka ga tayar baya a tsaye ta gaba a kishingiɗe, sai a fara maganar shasi. Cire tanki ka haska wuyan da tocila. Fentin da ya tsattsage, layin tsatsa a bakin walda, ƙarfen da ya tattare kamar fatar tsoho, sabon fenti a wuri ɗaya tak, duk alamu ne na karo. Dubi 'yan ƙarafan da ke tsayar da kai a ƙarshen juyi, in ɗaya ya karye ko kan ya fi juyawa gefe ɗaya har yana bugun tanki, an sha karo. Tunda kana wurin, lambar shasi ma a wuyan take, gwada ta da ta takardunka. Shasin da aka gasa da wuta aka miƙar a gefen hanya ba mu ba da shawarar a ɗora iyali a kansa. Gara a nemi wani shasin mai takarda.

Tambaya: Nakan ɗauko buhun masara daga ƙauye, wani lokaci jarkoki. Ba kaya babur ɗin lafiya yake, amma da na ɗora kaya sai baya ya rinƙa lilo kamar kwale-kwale, gaba kuma ya yi sakayau. Na sa an saka min dogayen shokazoba, abin bai canza ba. Daga wani manomi a Kontagora.

Amsa: Malam, dogayen shokazoba ba su ne masu ƙarfi ba, tsawo daban, ƙarfi daban. Abin da tsawon ke yi shi ne ya ɗaga baya, fok ya ƙara miƙewa tsaye, kai ya ƙara zama mai saurin firgita idan ba kaya. Yana kuma canza wasan sarƙa. Koma wa tsawon asali, aunawa daga tsakiyar ido zuwa tsakiyar ido.

Shokazoba aiki biyu yake yi. Sifirin yana ɗaukar nauyi, man da ke ciki yana hana sifirin ɗin yin ta tsalle. Danna bayan babur da ƙarfi ka saki. Ya taso sau ɗaya ya tsaya. In ya yi sama da ƙasa sau biyu ko uku, ko ka ga mai ya jiƙa sandar ƙura ta manne, na cikin ya mutu, kuma shi ne lilon. Biyun ake canzawa tare. A gindin yawancinsu akwai zobe mai matakai biyar. Ga mai kaya a kai shi mataki na huɗu ko na biyar, kuma lallai hagu da dama su zama a mataki ɗaya. A babura na hannu ba abin mamaki ba ne a tarar da ɗaya a na biyu ɗaya a na biyar. Robobin da ke cikin idanun ma a duba.

Sai bushin na hannun da ke riƙe ƙafar baya, wato 'yan zobban da hannun ke juyawa a kansu. A kan dogon sitan, kama ƙarshen hannun ta wajen shaf ka tura hagu da dama, idonka a inda ya haɗu da shasi. In ya motsa, bushin ya cinye, ko doguwar kusar da ta ratsa shi ta saki. Wannan shi ne ke sa ƙafar baya ta rinƙa tuƙa kanta: ka ba da wuta sarƙa ta ja ta gefe, ka saki ta koma. In ƙafar ce ke motsi hannun yana tsaye, boris ɗin wili ne ko sakakkun sifok, waɗanda a ƙafar baya ta mai ɗaukar kaya suka fi saurin saki.

Sauran kuma laifin ɗaurin kaya ne. Buhu mai kilo 100 da aka ɗora a kan ƙarfen baya, bayan shaf, yana ɗaga gaba kamar sikeli. Tayar gaba da ba ta da nauyi a kanta ba ta riƙe hanya. Matso da buhun kan kujera dab da bayanka, a kwance, a ɗaure shi ta yadda ba zai zame ba. Jarka mai lita 25 in ruwa ce kilo 25 ce, a raba su daidai hagu da dama, a ƙasa-ƙasa. A cika su fal, domin rabin jarka tana kai da kawo a ciki, tana tura babur a kwana. Iskar baya 32. Buhu biyu kuwa ya wuce abin da aka ƙera babur mai cc 100 ya ɗauka, babu shokazoban da zai gyara wannan.

Tambaya: Na sayi roba-roba mai cc 110 don zuwa makarantar da nake koyarwa. Da na hau tudun rage gudu ko na faɗa ƙaramin rami sai gaba ya buga ƙwal har cikin kafaɗata. Akwai kuma mai a jikin fok ɗaya. Daga wata malama a Maraɗi.

Amsa: Malama, man da kika gani shi ne amsar. Sil ɗin wannan fok ɗin, wato zoben robar da ke hana mai fita, ya mutu, man ya tsiyaye, sifirin kaɗai ya rage yana kai wa ƙarshe yana bugawa. Ki hanzarta, domin man yana gangarawa zuwa birkin gaba, kuma birkin da ya sha mai sai canjin takalmansa.

Ki sa a kwance fok biyun, ba mai yoyon kaɗai ba. A wanke cikinsu da kananzir a bar su su tsane. Kafin a saka sabon sil a bi sandar da farce. In akwai ƙurajen tsatsa ko kwarzane a wurin da sil ke hawa da sauka, sabon ma zai yage cikin mako guda. Ƙananan ƙuraje ana goge su da takardar yashi mafi laushi da ɗan mai, masu zurfi sai sabuwar sanda. A jera sifirin biyun a ƙasa, tsawonsu ya zama ɗaya. In an tarar da washa ko guntun bututu da wani ya cusa a sama don ƙara tauri, a cire.

Man fok ake zubawa, mai lamba 10W, ba baƙin man da aka juye daga inji ba. A auna da sirinji, adadi ɗaya a kowane gefe, gwargwadon abin da littafin samfurin ya ce. Roba-roba ba ta cin mai da yawa kamar su Boxer, don haka kada bakanike ya zuba mata awon babban babur. In ya yi yawa fok ɗin zai ƙi nutsewa, ya kuma fasa sabon sil ɗin. Robar da ke rufe sandar daga ƙura, in ta yage a canza ta, musamman ga mai bin hanyar yashi.

Tambaya: In na taka birkin baya sai matakin ya rinƙa bugun ƙafata, babur ɗin yana tsayawa da fizga-fizga. Na gaba kuma yana kamawa farat ɗaya da safe. Daga wani ɗalibi a Haɗeja.

Amsa: Ɗan'uwa, bugun da kake ji a ƙafa kwanon birkin ne ya daina zama zagayayye. Zafi ke sa haka, ko ɗaurin sifok da aka yi ba daidai ba har ya ja kwanon. Gwada wannan tukuna: a sassauta notin shaf, a juya ƙafar, a taka birki da ƙarfi, a riƙe shi a take har a gama ɗaure notin. Hakan yana zaunar da takalman birkin a tsakiyar kwanon. Ka tabbatar sandar da ke riƙe farantin birkin baya tana ɗaure, da ɗan fil ɗinta a bakin noti. In ta kwance kana tafiya, farantin zai juya ya naɗe sandar birki ya kulle ƙafar. Matakin ya sami wasa na milimita 20 zuwa 30 kafin ya kama. In bugun bai tafi ba, a kai kwanon wurin mai injin gyaran ƙarfe ya ɗan share cikinsa, matuƙar bai wuce iyakar faɗin da aka rubuta a jikinsa ba.

Na gaban kuma raɓa ce da ƙura ke sa shi cafka da safe. A buɗe, a share ƙurar da tsumma mai ɗanshi, kada a hura ta da baki ko da iska. A ɗan goge bakin takalman biyu da zarto mai laushi su yi gangare, a cire sandar da ke buɗa su a wanke, a shafa mata giris ɗan kaɗan wanda ba zai kai ga fatar birkin ba. In sifirin da ke dawo da takalman ya saki, a saka sabo, lebar hannu kuma a bar mata wasa na milimita 10 zuwa 20.